Garejin da ya ceto min giyar Hilux bayan canjin inji

Jama'a duk mai Hilux atomatik da yake shirin canja inji ya karanta wannan kafin ya kai wa kowa. Tawa Vigo ce mai injin fetur 2TR 2.7, giya huɗu. Inji ya fara shan mai yana hayaƙi, na je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, na sayo ɗan baljiyam, shi ma 2TR, mai kayan ya ce ai duk ɗaya ne oga, ɗorawa kawai za a yi. Ashe daga mota mai kuloci, wato mai giyar hannu, aka ciro shi.

Bakaniken farko (ba zan kama suna ba, Allah ya shirye shi) ya cire fulaiwil, faifan ƙarfen bayan inji na giyar hannu, ya mayar da farantin atomatik na tsohon injina, har nan daidai, amma ya manta da ɗan boris ɗin da ke cikin gindin karanshaf, wanda na giyar hannu ne, kuma a wannan ramin hancin kwambata, tulun man da ke haɗa inji da giyar atomatik, yake zama. Giya ta ƙi haɗuwa da inji, da saura kamar kaurin yatsa, maimakon ya tsaya ya duba sai ya sa yaro ya ja da noti, ina tsaye na ji ƙas! ya ce min ba komai zama ta yi. Aka tayar, ka sa D ka sa R mota ko gezau. Famfon giya ya fashe.

Wani direba ne ya tura ni garejin wani dattijo a bayan kasuwar, giyar atomatik kawai yake yi. Wallahi aikinsa daban ne. Ya sauke giya, ya zare boris ɗin ya ɗora min a tafin hannu, abu ɗan mitsitsi. Da aka sa wani famfon, ya zuba man giya a cikin kwambata tukuna, ya zura ta yana juyawa a hankali yana turawa, ya ce Alhaji saurara, sau uku za ta faɗa ciki, in ba ka ji na ukun ba to ba ta kama famfo ba. Har ruula ya ɗauko ya auna zurfinta. Da aka haɗa, giya ta manne da inji da hannu kawai, ya sa yatsa ta ƙasa ya juya kwambata tana yawo, sannan ya jawo ta ya ɗaura notinta shida, kowanne sai da ya kama kafin ya matse.

Inda zan rage masa maki, bai san sauri ba, kwana biyu ya ce, sai da mota ta yi shida, waya kuma sai ka kira sau biyar yaro ya ɗauka ya ce baba yana ƙarƙashin mota. Kuɗinsa ma ba ragi, ko sisi. Wurin zama babu, sai wani tsohon kushin a gindin darbejiya.

Amma wata uku ke nan, na yi Kano Gusau da lodi sau biyu, giya tana canjawa lafiya lau, ko ɗigon mai ban gani a ƙasa ba. Boris ɗin yana nan a aljihun mota na ajiye shi.