Wuni Guda a Suleja Tare da Masu Kai Mutane Yawon Tarihi Daga Abuja

Shekarata goma sha ɗaya ina zaune a Abuja, kuma a duk tsawon wannan lokaci Suleja a wurina gari ne da ake ratsa gefensa a kan hanyar Kaduna, ko kuma inda ake zuwa cefane idan ana neman rangwame. Ranar wata Asabar da ta wuce ne na biya kuɗin kujera huɗu, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, a wurin wasu matasa da suka kafa ƙaramar sana'ar kai mutane yawon wuni guda a garuruwan da ke kewaye da babban birnin tarayya. Alkawarin da suka yi shi ne mota mai na'urar sanyaya ɗaki, da ɗan jagora, da karin kumallo da abincin rana, a tashi daga Wuse ƙarfe takwas na safe a dawo kafin magariba.

Alkawarin farko da suka saɓa shi ne na lokaci, domin sai da tara ta gota sannan muka ɗaga, muna jiran fasinja biyu, kuma babu wanda ya ba mu haƙuri sai da wani dattijo ya yi magana. Motar dai tana da tsabta, direban kuma mai natsuwa ne. An raba mana ƙosai mai zafi da kunun gyaɗa a hanya, babu abin kushewa a cikinsu.

Bayan mun wuce Zuba muka tsaya kusa da Madalla domin kallon Dutsen Zuma, wanda hotonsa yake jikin takardar naira ɗari. Dutse ne mai kwarjini, kuma yara sun ji daɗin neman siffar fuskar mutum da ake gani a jikinsa, amma an bar mu a wurin fiye da sa'a guda ana ta ɗaukar hoto, alhali minti ashirin ya wadatar. Wannan ɓata lokaci shi ne ya ci mana rabon abin da ya fi muhimmanci a gaba.

Da muka shiga cikin gari sai ɗan jagoran ya karɓe mu, wani tsohon malamin makarantar firamare haifaffen garin, kuma a gaskiya shi ne jarin wannan sana'a baki ɗaya. A inuwar wata bishiya da ke kallon ƙofar fada ya tara mu, ya soma daga Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, wanda ya baro Zariya da jama'arsa a farkon shekarun jihadin da aka soma a 1804, ya yo kudu har ya zauna a Zuba, cikin ƙasar Gbagyi da Koro. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ne ya kafa wannan gari a 1828, aka kira shi Abuja, kuma abin da ya sa ke nan har gobe sarkin garin yake amsa sunan Sarkin Zazzau. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin wancan lokaci, Sulaimanu Barau. 'Yata mai shekara goma sha biyu ta dube shi ta ce, “Malam, ashe sunan garinmu aro muka yi?” Ya yi murmushi ya ce, “Kyauta ce, 'yata, amma ya kamata wanda aka yi wa kyauta ya san gidan da ta fito.” Na lura motar tamu cike take da mazauna Abuja, kuma mutum biyu kaɗai suka taɓa jin wannan labari.

Abin takaici shi ne iyakarmu ƙofar fada, domin masu shirya tafiyar ba su nemi izinin shiga tun da wuri ba. Fada ba kasuwa ba ce da za a faɗa mata da baƙi goma sha huɗu babu sanarwa, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan yawon tarihi ya wajaba ya san haka. Sun dai kyauta da suka tsara sallar azahar a kan lokacinta, da wurin alwala na mata daban.

Abincin rana kuwa ya wanke musu laifi mai yawa. Sun kai mu wani gidan abinci a cikin tsohon gari, rumfar kwano ce da bencina, inda wata Hajiya take zaune gaban tanda tana juya masa da tsinke ɗaya bayan ɗaya, tana kwashewa tana zubawa a faranti tun tana tururi. Gefen masar ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta kuma laushi kamar auduga, da ɗan tsamin da ke nuna ƙullun ya kwana ya tashi da kansa. Miyar taushen ta ji kabewa da gyaɗa da alayyafo, ga ƙashin rago da ya dahu har naman yana saɓulewa. Maiɗakina, wadda ba ta cika yaba girkin waje ba, ta zaɓi tuwon shinkafa da miyar kuka, kuma da aka zuba mata man shanu ta ɗanɗana sai ta kira mai abincin ta ce, “Hajiya, wannan daddawar a ina kike samunta?” Zoɓon ya ji citta da kanumfari, sai dai sukarinsa ya yi yawa, ruwan sha kuma babu sanyi ko kaɗan a irin zafin Suleja. Furar da wata Bafulatana ta dama mana a ƙwarya daga baya ita ce ta kashe mana ƙishirwa, nonon kindirmo ne mai kauri wanda ba a tsinka shi da ruwa ba.

Da la'asar ta kawo jiki muka juya ga tukwane. A nan garin ne Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga cikinta, ita ce mace ta farko. Tukwanenta masu zanen ƙadangare da kunama da kifi sun kai ta har Turai da Amurka, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira ashirin. Malam ya ba mu wannan tarihi a gurguje saboda rana ta yi nisa, sannan ya kai mu gidan wata maginiya a bayan gari domin mu ga irin ginin da Ladi ta taso da shi. Babu wata na'ura a gabanta. Tulun yana zaune wuri ɗaya, ita ce take kewaya shi a sunkuye, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu tana shafewa da jiƙaƙƙen tsumma, har wuyansa ya tashi daidai kamar an auna. Ta ba ɗana ɗan curin yumɓu ta ce ya gwada, ya dawo mota da hannu duk laka yana riƙe da wani karkataccen kasko da ya ƙi yarda a taɓa masa. Minti ashirin kacal muka samu a wannan gida, a wurin da ya cancanci sa'ar nan da aka zubar a gindin dutse.

A ganina kuɗin da na biya bai faɗi ƙasa banza ba, musamman ga mai iyali da yake son yaransa su ji tarihi daga bakin ɗan gari. Amma duk wanda zai bi su ya tambaya tun kafin ya biya ko an nemi izinin shiga fada, ya kuma riƙo ruwansa mai sanyi da 'yan kuɗi a hannu domin sayen tukunya. Cunkoson Zuba ya riƙe mu a hanyar dawowa har muka yi magariba a bakin titi, kuma kafin mu sauka a Wuse na shaida wa shugaban matasan cewa ranar da suka gyara maganar fada da ta lokaci, ya ajiye mini kujera shida, domin zan zo da mahaifiyata da ƙanwarta.