Ziyarar tsibirin Gore cikin rukuni: ta cancanci kuɗinta, amma an tauye mu a wuri ɗaya

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ya haɗa mu, 'yan Maraɗi da wasu 'yan Yamai, zuwa Dakar, kuma tsibirin Gore da na gani cikin tsarin tafiyar shi ya sa na biya kuɗina. Ban yi da-na-sani ba. Sai dai wanda ya tsara yinin bai tuna cewa 'yan Nijar zai kai ba.

Ta fannin masauki da mota ba ni da ƙorafi. An tarbe mu a filin jirgin Blaise Diagne, otel ɗin na da tsabta, kuma da yake sefa ɗaya muke kashewa da Senegal, babu wahalar canji. Tikitin jirgin ruwa ma su suka yanko mana, mu dai katin shaida muka nuna, don kuɗin 'yan Afirka bai kai na Turawa ba.

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar zuwa Gore kamar minti 20 ne. Yawancin dattawanmu ba su taɓa hawa ruwan da ya wuce Gulbin Maraɗi ba, shi ya sa jagoranmu ya zaunar da su a ƙasa, ya tsaya kusa da su har muka sauka. Wannan ya burge ni ƙwarai. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, babu mota ko guda, ko'ina da ƙafa ake zuwa, cikin rairayi da lunguna. Mai ciwon gwiwa ya san da haka tun daga gida.

Gidan bayi shi ne zuciyar ziyarar. An gina shi wajajen 1776, aka mai da shi gidan tarihi a 1962, marigayi Boubacar Joseph Ndiaye ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu, na maza daban, na mata daban, na yara daban, da wani ɗan kurkuku a ƙarƙashin matakala inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye. A sama kuwa masu gidan ke zaune da iyalinsu, suna shan iskar teku. Tsakanin matakala biyun akwai siririyar hanya da ta kai ga ƙofar da ke buɗewa kan ruwa, wadda ake cewa wanda ya fita ta nan ba ya dawowa. Da muka isa bakinta, rukunin da ke ta surutu tun daga Yamai ya yi tsit. Wata Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, yaran ma raba su ake da uwayensu?" Na ce, "Haka aka ce, Hajiya." Ba ta sake magana ba sai salati.

Na ji daɗin yadda mai bayanin bai ɓoye mana cewa masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta Gore ba, kuma tashoshi irin su Wida ta Benin sun fi ta fitar da mutane. Hakan bai rage nauyin wurin ba, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Matsalar ita ce da Faransanci ya yi bayanin duka, kamfanin kuma bai tanadi tafinta ba. Wani malamin makaranta daga cikinmu ne ya yi ta juyawa da Hausa har muryarsa ta dushe. Mutum ya biya kuɗinsa, bai kamata a bar shi da aikin da ba nasa ba.

Abin da ya fi ɓata mani rai shi ne makarantar William Ponty, wadda ta horar da malamai zamanin mulkin mallakar Faransa. A Gore take daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, kuma a nan Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya yi karatu, haka ma marubuci Boubou Hama. Ginin na nan, tafiyar 'yan mintoci ce, amma ba ya cikin tsarinmu. Da na tambayi jagora sai ya ce, "Malam, yi haƙuri, lokaci ya ƙure." Alhali an bar mu mun daɗe a wajen masu sayar da zane da sarƙoƙi. Mu kaɗan muka ruga muka leƙa shi a tsaitsaye, sauran suka koma gida ba su san sun wuce ta kusa da shi ba.

Azahar mun yi ta a tsohon masallacin dutse da ke bakin ruwa, ƙasan tudun Kastel, aka ci shinkafa da kifi mai daɗi, wadda ke cikin kuɗin da muka biya.

Duk mai niyyar bin irin wannan rukuni daga Maraɗi, kafin ya ba da ko dala, ya nemi a rubuta masa cewa akwai mai fassara da Hausa, kuma William Ponty na cikin tsarin. Ya kuma tabbata ba ranar Litinin za a kai shi ba, don gidan bayin a rufe yake ranar.