Kile mai awon ɗauri: ya biya kuɗinsa, amma ba ya gyara kusar da ta riga ta gaji

Duk mai tsohuwar Sienna ko Picnic a garin Tawa ya san yadda ake ɗaura taya a wurin masu faci. Yaro zai zura bututun ƙarfe a hannun kile, ya hau da ƙafa biyu, ya yi ta tsalle har noti ya yi ƙara. Ka ce ya isa, ya ce maka: “Alhaji, bari in ƙara mata, kar ta kwance a hanya.” Da zuciya ɗaya yake yi, amma daga nan kusoshin taya ke fara mutuwa.

Motata Toyota Sienna ce ta 2006, ina ɗaukar iyali da kaya zuwa Kwanni, wani lokaci har Yamai. Bayan kusoshi biyu sun karye a ƙafar baya ba tare da na faɗa wani babban rami ba, sai na sayo kile mai awon ɗauri a Yamai, irin wanda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai inda aka saita. Jika ashirin da biyar na biya, har da kai mai lamba 21, wanda shi ne daidai notin motar.

Kusoshi biyar ne a kowace ƙafa, kaurin milimita 12, kuma ɗaurin da littafin motar ya faɗa 103 Nm ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri). Wato kamar a rataya kilo goma da ɗan ɗori a ƙarshen hannu mai tsawon mita ɗaya. To yaro mai kilo 60 a kan bututun mita ɗaya, tun bai fara tsalle ba, ya kusan ninka wannan sau shida. Kusa tana ɗan miƙewa idan an ɗaure ta, kuma wannan miƙewar ce ke matse janti. Idan jan ya wuce iyaka ba ta sake komawa yadda take; wuyanta ya sirance, ta daina matsewa, janti ya soma motsi kaɗan kaɗan. Sauran aikin ramukan hanya da lodin albasa ne ke ƙarasa shi. Ɗaya ta tafi, huɗu su ɗauki nauyin biyar, sai su bi ta.

Aikin kilen ba wuya. Ka murɗa hannunsa zuwa 103, ka kulle, ka ɗaure notin a tsallake, wannan sannan na gabansa ta ɗaya gefen, ba a jere ba. Ƙas ɗin yana fita sarai, hannu ma yana jin sa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ƙarfin da ake bukata: hannu ɗaya ya isa. Mai facin unguwarmu da ya gani dariya ya yi, ya ce wannan ɗaurin mata ne. Duk da haka taya ba ta kwance ba, kuma ranar da na yi faci a hanya na kwance notin da ƙaramin kilen motar ba tare da na nemi taimako ba. Ga mai tafiyar dare wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Da yake kayan kasuwa ne, na gwada gaskiyarsa. Hannunsa ya kusan rabin mita, sai na saita shi ƙasa kaɗan da 100, na miƙe shi a kwance a kan noti, na rataya bidon ruwa mai lita 20 a ƙarshensa. Ya yi ƙas kusa da inda lissafi ya nuna. Ba awon masana'anta ba ne, amma ya kwantar mini da hankali.

Aibinsa kuwa akwai. Lambobin an zana su siriri, da ƙura ta hau sai an goge an kai haske. Layin awo biyu ne a jikinsa, ɗaya na Nm ɗaya na Amurka, inda 103 ke zama 76, kuma mai gaggawa zai iya karanta layin da ba shi ba. Akwatin robarsa bai jure zafin bayan mota ba. Sannan yana son lallaɓa: ba a kwance noti da shi, kuma bayan aiki dole a mai da shi ƙaramar lamba, in ba haka ba awonsa ya ɓaci. Ba abin ba aro ba ne, ko da wa.

Inda ba ya da wani amfani shi ne kusar da ta riga ta miƙe. Shi ya sa na sa aka canza duka biyar a ƙafar da abin ya faru, na kuma roƙi makaniken kada ya fitar da su da babbar guduma, don bugun yana tafiya har cikin rulma. Haka nan ba ya gane noti baƙo. Notin Nissan da na Toyota kaurinsu ɗaya a ido, amma tazarar haƙoransu daban: milimita 1.25 da 1.5. A tiren mai kayan gyara duk a haɗe suke. Notin da bai shiga da yatsu ba tun farko, ba na motar ba ne, ko kuma haƙorin kusar ya cinye. Jantin alminiyom na asali yana son noti mai faifai a gindinsa, na ƙarfe kuma mai tsukakken baki. Aka musanya, kile zai yi ƙas ɗinsa alhali janti bai zauna ba. Mai kuma, kada a shafa wa kusa, don yana sa ɗauri ya zarce awon. A dai kankare tsatsa da laka a mazaunin janti.

Yanzu in na je faci, na bar yaro ya sa notin da hannu, ni in ƙarasa, in kuma sake bi da kilen bayan kilomita 50 zuwa 100. Mai mota ɗaya da ba ta barin gari zai iya haɗa kuɗi da maƙwabci su sayi guda. Mai lodi zuwa Abalak ko Kwanni kuwa, gara ya mallaki nasa.