Ɗakin hagu da ɗakin dama na zuciya: me ya sa bangonsu bai zo ɗaya ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton zuciyar da aka tsaga, bangon ɗakin ƙasa na hagu jibgege, na dama kuwa siriri, shi ne kake tambaya ko na hagun ya fi harba jini ne, ko kuma naman nasu ne ba iri ɗaya ba. Ko ɗaya babu. Jinin da suke harbawa daidai yake, naman ma iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wahalar da kowanne ke sha kafin ya tura jinin.

Babban mutum in yana hutawa, kowane ɗaki na fitar da kimanin mililita 70 a bugu ɗaya, wajen lita 5 ke nan a minti. Dole su zo daidai, domin abin da na dama ya aika huhu shi ne yake dawowa wa na hagu. Da na dama zai riƙa yin ɗan ƙari a kowane bugu, da ba a jima ba jini ya taru a huhu.

Wajen matsi ne suka sha bamban. Na dama huhu kawai yake kai wa, ga shi kusa, jijiyoyinsa masu faɗi da laushi, don haka matsin da bai wuce 25 ba a ma'aunin hawan jini ya ishe shi. Ba ma a son ya wuce haka, saboda ƙananan jijiyoyin huhu ba su jure matsi, sai ruwa ya tsattsafo cikin jakunkunan iska. Na hagu kuwa tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa yake ciyarwa, sai ya kai wajen 120, wato lambar nan ta sama da ake faɗa maka in an auna ka. Shi ya sa bangonsa ke kai milimita 8 zuwa 12, na dama kuma 3 zuwa 5.

Siffarsu ma aikin ta bi, kuma nan ne ya fi burge ni. In aka yanka zuciya a kwance, ramin hagu zagaye yake, na dama kuma ya lanƙwashe kamar jinjirin wata ya rungume shi. Zaruruwan tsokar hagu ba a miƙe suke ba: na waje sun karkace ta wata fuska, na tsakiya sun kewaye, na ciki sun karkace ta ɗaya fuskar. In suka tsuke, sai tsinin zuciya ya murɗa gefe guda, gindinta ya murɗa ɗaya gefen, kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen tsumma. Na dama ba ya bukatar wannan duka. Gajarta yake yi, ya matso da bangonsa wajen katangar tsakiya da ta raba ɗakunan biyu. Shi ne a gaba, bayan ƙashin ƙirji. Na hagu yana baya, kuma tsininsa ne kake ji yana dukan tafin hannunka a ƙasan nonon hagu.

Katangar tsakiyar nan, Galen, wani likitan Girkawa na zamanin da, ya koyar da cewa akwai ƙananan huji a jikinta da jini ke ratsawa, aka yi shekara fiye da dubu ana maimaitawa. Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya ce babu wani huji, ta huhu jinin ke zagayawa. Gaskiyarsa ce.

Ƙofar shiga ɗakin dama ƙyaure uku gare ta, ta hagu biyu, dukansu a ɗaure da fararen igiyoyi sirara da ke hana su kifewa baya.

To, naman fa? A ɓangarorin biyu hawa uku ne: santsin tantani a ciki, tsoka a tsakiya, wani tantanin a waje. A madubin likita za ka ga ƙwayoyin tsokar gajeru ne masu rassa, kowacce ta kama maƙwabciyarta baki da baki. A mahaɗar akwai abin da ke riƙe su gam kada su yage, akwai kuma ƙananan ƙofofi da saƙon lantarki ke wucewa, shi ya sa suke tsukewa kusan lokaci guda. Wajen kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwaya, sassan samar da kuzari ne suka cika shi. Haka yake hagu da dama.

Babbar shaida tana wajen ɗan tayi. A cikin mahaifa huhu bai fara aiki ba, akasarin jinin ɗakin dama ta wata gajeriyar hanya yake bi ya faɗa babbar jijiyar jiki, sai ya zama matsi ɗaya ɗakunan ke fuskanta, kaurinsu kusan ɗaya. Da jariri ya ja numfashin farko huhu ya buɗe, hanyar ta toshe cikin 'yan kwanaki, daga nan na hagu ke ta ƙara kauri yana barin na dama a baya.

Sai dai kada a ɗauka ƙarin kauri ƙarin lafiya ne. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi yakan sa bangon hagu ya wuce misali, ya ƙage, ya kasa sakewa ya cika da jini sosai. Ga shi kuma tsokar hagu in ta tsuke takan danne jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta, sai a lokacin sakewa take samun yawancin jininta, to bango mai kauri ga bugu da sauri, yunwar iska ce ke biyo baya. Ciwon huhu mai daɗewa shi kuma na dama yake wahalarwa. In hagu ya gaza, ruwa a huhu yake taruwa, mutum ya riƙa haki, ya kasa kwanciya sai ya tara matasai. In dama ne, ƙafafu su kumbura, hanta ta yi girma, jijiyoyin wuya su fito raɗau. Sau da yawa gazawar hagun ce ke jawo ta daman, shi ya sa likita kan tura mai kumburin ƙafa hoton zuciya na eko, a auna kaurin bangon biyu da yadda kowanne ke motsi.