Gayfield Park: kuɗin ƙwallo na biya, iska ce ta buga wasan

Jama'a, duk ɗalibin da ke Dundee ko Aberdeen aka ce masa ya je Arbroath kallon ƙwallo a watan Disamba, ya fara bincika ko akwai tsohuwar gaba tsakaninsa da mai ba shi shawarar. Ni wani abokin karatuna ɗan yankin Angus ne ya zuga ni, wai muddin Celtic da Rangers kaɗai nake gani a talabijin, ban san ƙwallon Sukotlan ba. Daga Dundee jirgin ƙasa wajen minti ashirin ne, daga tasha kuma da ƙafa za ka gangara har filin. Nan dai ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina iska ce. Gayfield, filin ƙungiyar Arbroath, a bakin Tekun Arewa yake, kuma ba bakin teku irin na masu tallan otal ba: daga katangar filin sai 'yar hanyar masu yawo, sai ruwa. Ana cewa duk Birtaniya ba filin ƙwallon da ya kai shi kusanci da teku, ni kuwa ban ga abin musu ba, don tun kafin a take wasa gishiri ya rufe mini tabarau. Wurin zama gefe ɗaya ne kawai, sauran ɓangarori ukun matakalar siminti ce ta tsayuwa, da 'yar rumfa a sama wadda za ta tare maka ruwan da ke saukowa daga bisa. To, ruwan Arbroath ba daga bisa yake zuwa ba, a kwance yake tahowa. Na sha hunturun Jos ina taƙama da cewa na san sanyi. Ashe wasan yara nake.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bugun golan baƙi a farkon wasa. Ya ja da baya, ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa da iya ƙarfinsa, ta yi sama, ta tsaya cak kamar mai shawara, sai ga ta tana dawowa, ta faɗo bakin yadi na sha takwas ɗinsa. 'Yan bayansa suka ruga a guje. Na waiga in ga ko mutane za su yi ihu, ba wanda ya ko motsa. Bugun kwana kuwa sai an yi ta ajiye ƙwallo tana gangarewa, rafali na tsaye yana jira. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci. Na ce wannan ai ba ƙwallo ba ce, caca ce, kuma ni na biya kuɗin shiga. Ga rigar sanyin da na saya a wani shago a Dundee, mai shagon ya yi ta rantsuwa cewa ruwa ba ya ratsa ta, minti talatin ba a yi ba na ji shi a gadon bayana. Da a ce a wannan minti aka miƙo mini waya in ba da tauraro, ɗaya zan bayar, shi ma don ba a iya ba da sifiri.

Sai aka tafi hutun rabin lokaci, na ga mutanen da ke kewaye da ni sun kwashi yara sun kama tafiya. Na ɗauka sanyi ne ya kore su, har na ji daɗi na samu abokan gudu. Ashe canjin gefe suke. In ba babban wasa ba ne da ake raba magoya baya, kowa zagayawa yake ya koma bayan ragar da ƙungiyarsa za ta kai wa hari, ana giftawa da magoya bayan baƙi ana zolaya, ba ɗan sanda ba hayaniya. Wani dattijo mai gyale ja mai duhu, launin ƙungiyar, ya gan ni ina makyarkyata, ya ce, "Taho, yarona, can ɗin iskar a bayanmu za ta kasance." Ya buɗe fulas ya tsiyaya mini shayi a murfin. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," na fassara masa, ya yi dariya ya ce shi dai a roƙa musu ci ɗaya.

Daga nan bai ƙara barina na yi shiru ba. Ko na san 36 da nema? Ranar 12 ga Satumba 1885, a gasar kofin Sukotlan, Arbroath ta zura wa Bon Accord ta Aberdeen ƙwallo 36 ba ko ɗaya, wani matashi John Petrie shi kaɗai ya ci 13. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne a wannan ranar dai Dundee Harp ta ci Aberdeen Rovers 35 da nema, suna ta murna sun kafa tarihi, ashe maƙwabta sun fi su da ɗaya. Na ce masa ai a Madagaska an yi 149 da nema a 2002. Ya ɗaure fuska ya ce waɗancan da kansu suka riƙa cin gidansu don fushi da alƙalan wasa, kada in ƙara kawo wannan magana a Gayfield. Yana ba da labarin kamar yana wurin, alhali ko filin ma an ɗan gusar da shi a 1925. Amma da ya zo kan kakar 2021-22 muryarsa ta sauya. Ƙarƙashin koci Dick Campbell, da 'yan wasan da ke zuwa wurin aikinsu da rana su yi atisaye da yamma, suka ƙare na biyu a Championship, gasar rukuni na biyu ta Sukotlan, maki 2 tsakaninsu da Kilmarnock, sannan Inverness ta fitar da su a bugun fenareti a wasan neman hawa babbar gasa. Ya nuna mini ragar da yatsa, ya kau da kai.

Zagaye na biyu na kalle shi da wani ido daban. Kana jin numfashin ɗan wasa, kana jin abin da mai tsaron baya ke faɗa wa rafali, wanda ba zan rubuta a nan ba. 'Yan gida sun san iskar, ƙwallo a ƙasa suke ajiye ta, baƙi kuma suna ta ɗaga ta sama tana tafiya inda ta ga dama. A lokacin na ce a raina filin ya ci tauraro biyar.

Sai dai cikina bai yarda da biyar ɗin ba. Fai ɗin da ake ta yabo a wurin, wato gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, na naman sa ne haɗe da abin da suke kira black pudding, wanda da jini ake yin sa. Ba laifin kowa ba ne, abincinsu ne, amma musulmi ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi, ko ya taho da guzurinsa. Ni shayi na ƙara. Haka kuma ku lura da lokacin salla: ƙarfe uku ake take wasa, a Disamba kuwa kafin huɗu rana ta faɗi, don haka mutum ya yi la'asar tun kafin ya shiga. Wanda ya iso da wuri ya bi ta tashar jiragen kamun kifi ya sayi bandar garin, smokie, kifin da ake ɗaure biyu-biyu ta wutsiya a gasa da hayaƙin itace. Ita ce ta riƙe ni a jirgin komawa, duk da harara da na sha daga wata mata saboda ƙamshin da ya cika taragon.

Rigar nan kuma na mayar da ita ranar Litinin da rasit ɗina a hannu. Yaron shagon ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ina na sa ta. Na ce Gayfield. Ya ce ai kuwa wannan ba ya cikin garanti, ya miƙo mini abata. Har yau ban huce ba.