Firibayotik ko yis mai rai: wanne ya fi dacewa da saniya mai gab da haihuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko firibayotik ya kamata ka ƙara wa shanunka masu gab da haihuwa domin nono ya ƙaru, ko kuwa yis mai rai, wanda ake lissafa shi cikin furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai masu amfani da ake haɗa wa dabba a abinci. Sunayen sun yi kama, amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke yinsa a cikin saniya ba.

Makonni 3 kafin haihuwa da makonni 3 bayanta su ne lokacin da saniya ta fi shiga hatsari. Cin abincinta yana raguwa daidai lokacin da hantsa ke neman ƙarfi da kalsiyam don haɗa dakashi, sai jiki ya koma cin kitsensa, garkuwar jiki ta yi rauni, daga nan ne ake ganin riƙewar mabiyiya da ciwon hantsa da saniyar da ta kwanta ta kasa tashi.

Yis mai rai, wato Saccharomyces cerevisiae, a cikin tumbi yake aiki. Yana shanye 'yar iskar oksijin da ke shiga tare da abinci, abin da ke gyara wa ƙwayoyin bakteriya masu narka ciyawa wurin zama, yana kuma ƙarfafa waɗanda ke cinye tsamin laktik. Amfanin wannan ya fi fitowa a kwanakin da aka ƙara wa saniya hatsi bayan ta haihu, domin a lokacin ne tumbi ke yin tsami, ka ga ta rage tuƙa, kashinta ya yi ruwa da kumfa. Idan aka haɗa gwaje-gwaje masu yawa, ƙarin nonon da ake samu yana kaiwa wajen kilo 1 a rana, ko da yake akwai garken da ba a ganin komai.

Firibayotik kuwa ba mai rai ba ne. Kalmar ta fito ne a 1995 daga masana biyu, Gibson da Roberfroid, kuma tana nufin abincin da dabba ba ta narkarwa da kanta, sai ƙwayoyi masu amfani da ke cikinta. Matsalar a nan ita ce babbar saniya tana da tumbi, saboda haka irin su inulin, wanda ake samu daga saiwar cikori, suna narkewa a can kafin su isa hanji. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ake cirowa daga ɓawon ƙwayar yis, wato MOS da beta-gulukan. MOS yana manne wa wasu nau'o'in ƙwayoyin cuta na E. coli da Salmonella har su kasa kama bangon hanji, beta-gulukan kuma yana zaburar da garkuwar jiki. A ganina ribarsa tana wajen lafiyar uwa da ta maraƙi, ba a cikin bokitin tatsa ba, kuma ya fi nuna kansa a maraƙin da tumbinsa bai gama ginuwa ba, musamman wajen rage zawo.

Wajen ajiya firibayotik ne ke gaba, domin zafi da damshi suna kashe yis mai rai, wanda ke nufin za ka iya zuba mataccen yis a kwami ba tare da ka sani ba.

Tunda nono kake nema, ni da yis mai rai zan fara, daga makonni 3 kafin haihuwa, a kan ma'aunin da ke jikin buhu, bayan na tabbatar cewa saniyar ba ta yi ƙiba fiye da kima ba kuma ciyawa mai kyau ba ta yankewa a gabanta. Ka riƙa rubuta nonon kowace saniya kullum, ka bar wasu kaɗan ba tare da ƙarin ba, domin nono yana hawa da kansa har zuwa mako na 6 ko na 8 bayan haihuwa, kuma abu ne mai sauƙi a jingina wannan hawan ga abin da aka saya.