Na saka sabon tamostat a tsohuwar Corolla ta 1981: ga yadda muka kwashe

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 1981 mai injin 4K, kuma tun da ta zo hannuna allurar zafinta ba ta taɓa kaiwa tsakiya ba. Har alfahari nake yi wai injina mai sanyi ne. Ashe ciwo ne. Da safe sai na daɗe da cok a ja kafin ta daidaita, tana zuƙar fetur, fulogi na yin baƙi, ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma ga wani farin yauƙi. Ranar da na kwance gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, sai na tarar da shi wayam. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire ya yar, irin dabarar nan ta a bar ruwa ya yi ta zagaye wai kada inji ya yi zafi.

Wanda na saya mai kaki ne, an buga 82 a jikinsa. Aikinsa ba wani boka ba malam: akwai ɗan kaki a rufe cikin kwanson tagulla, idan ruwa ya kai digiri 82 sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura bawul ya buɗe hanya zuwa lagireto. Ruwan na hucewa, sifirin ya mayar da shi. Kafin ya buɗe, ruwan cikin inji kawai yake kewayawa, shi ya sa injin ke saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai.

Ban yarda na ɗaura shi haka nan ba, don sabo ma yakan zo a mace. Na samu tsohuwar tukunya, na rataye shi da waya a tsakiyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, domin gindin ya fi ruwan zafi kuma zai ruɗe ka. Na tsoma ma'aunin zafi, na kunna wuta kaɗan-kaɗan. Har 80 ko motsi bai yi ba. Wajen 83 sai ga 'yar tsaga ta bayyana, a 95 kuwa ya wangame, kusan milimita 8 da na gwada. Na sauke tukunyar na zuba ido, ya koma ya rufe ruf ba tare da ya maƙale ba. Wannan rufewar ta fi faranta min rai, don tamostat da ya ƙi rufewa duk ɗaya yake da babu.

Ɗaurawar ba ta da wuya idan inji ya huce sarai. Na rage ruwan lagireto, na cire tiyon sama da noti biyu. Ɓangaren sifirin da kakin shi ke kallon inji. Ka juya shi, kakin ba zai ji zafin da wuri ba, mota ta tafasa maka a hanya.

Inda na ga gazawar kayan shi ne gasket ɗin da ya zo a kwalin, wato abin da ake shimfiɗawa a bakin gidan tamostat don kada ruwa ya yi yoyo. Siriri ne ƙwarai, ga bakin gidan tamostat ɗin nawa tsatsa ta ci shi, ya yi ramuka. Ina tayar da inji ruwa ya fara tsattsafowa. Laifin dai rabi nawa ne, don gaggawa ta sa ban kankare tsohon gasket da kyau ba. Na sake kwancewa, na shimfiɗa sanfefa a kan gilashi na goge bakin har ya yi sumul, na yanka gasket mai kauri, na ɗaure notin bi-da-bi. Kada ka matse da ƙarfi, alminiyon da ya haura shekara arba'in ba ya da haƙuri.

Sai gwajin gaske. Na cika ruwa, na bar murfin lagireto a buɗe, na buɗe hita don iska ta fita, na ɗora hannu a tiyon sama. Mintuna sun shuɗe yana sanyi, can sai ya ɗau zafi lokaci ɗaya, ruwan ya fara gudu, matakinsa ya sauka na ƙara. A kan titi allura ta hau ta zauna ƙasa kaɗan da tsakiya, a cunkoso da hawan tudu duk tana nan. Na kuma canza murfin lagireto zuwa sabo mai riƙe matsi na bar 0.9, wanda ke ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120.

Masu tunanin tamostat zai yi maganin kowace motar da ke tafasa su daina sa rai. Idan lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, can za ka nemi matsalar. Amma ga injin da ke yawo a sanyaye irin nawa, zan sake sayen irinsa, sai dai in nemi gasket daban. Wata biyu ke nan, cok nake mayarwa tun kafin in fita daga layi, farin yauƙin ya ɓace bayan na canza mai, fulogin da na kwance jiya kuma ruwan ƙasa na same su.